Jarrabawar Likita Mas'udu

Shekara uku Likita Mas'udu ya yi yana ɗinke marar manoma a Talata Mafara, har ta kai in mutum ya shigo ofishinsa, tun daga yadda ya ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa ya san gefen da ciwon yake. Ƙaba ce, ciwon mai fartanya da mai dakon buhu. Bangon mara ne ke saki, hanji ya sami kafa ya leƙo, bana kamar ƙwan zabuwa, baɗi ya sauka ƙasa ya zama gwaiwa. Mutanenmu kuwa ba sa kawo ta asibiti sai ranar da ta hana su ɗaura wando.

Hanya biyu ake bi a gyara ta. Ko dai likita ya jawo nama ya haɗa da nama ya ɗinke, yadda aka gada tun da, ko kuma ya shimfiɗa 'yar raga a kan ɓular, nama ya tsiro ya kama ta. Ragar kamfani da ake kawowa daga waje ba ta talaka ba ce. Shi ya sa Mas'udu ya ɗauko wata dabara da ya karanta an gwada a wasu ƙasashe, wato ragar gidan sauro, irin wadda ba a tsoma a magani ba. A yanka ta daidai tafin hannu, a turara ta a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, a sa wa mutum. Tambayarsa guda ce: tsakanin ɗinki zalla da ragar nan, wanne ya fi riƙe manomin da zai koma gona? Ƙuri'a ke zaɓa wa kowane majinyaci hanyar da za a bi da shi, shi kuma Mas'udu ya bi sawunsa shekara guda ya ga ko kumburin ya dawo.

Binciken nan shi ne kundin da zai miƙa a ƙarshen wata. In an karɓa, ya zauna jarrabawar ƙarshe ya zama babban likitan fiɗa. Sa'o'insa duk sun haye tuntuni, har wasu da shi ya koya wa riƙon almakashi yanzu su ake ce wa ranka ya daɗe. Shi kuwa ga furfura ta fara leƙowa a gemu, ga baya da ke masa ciwo saboda tsayuwar tiyata. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. A ransa ya riga ya san in bana ta wuce shi, da wuya ya sami ƙarfin sake ɗaukar wata.

Kafin ya taɓa kowa da wuƙa sai ya zaunar da shi ya yi masa bayani, don haka ƙa'ida ta ce. To amma je ka fahimtar da dattijon da ya baro shanun huɗa a gida abin da ake nufi da bincike. Da ka ambaci kalmar sai ya fara duban ƙofa, ya ɗauka irin na 'yan sanda ne. Da Mas'udu ya gaji da kewaye-kewaye sai ya samo gajeriyar hanya. Yakan ce, "Baba, jarrabawa ce nika rubutawa da aikin ga. Bayan shekara manyana za su duba yadda kunka kasance, da shi za su auna ni." Nan take sai a gane. Dattijo ya gyaɗa kai, ya tambaye shi ɗan ina ne. In ya ce ɗan Morai, sai fuska ta saki, a ce, "Ashe namu na. Allah shi ba da sa'a."

Fiɗar ba ta taɓa ba shi wuya ba, bin sawun ne ya tsufar da shi. 'Yan cikin gari da na kusa sukan leƙo ranar Talata in sun ci kasuwa, ya kwantar da su, ya ɗora hannu a mara ya ce su yi tari. Amma yawancin mutanensa na ƙauyukan Bakura da Maradun ne, kuma hanyoyin nan kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa su ciki. Ba ka ce wa mutumin Gidan Goga ya sayar da ransa a hanya don kawai ka latsa masa mara. Dole aka koma waya. Kullum bayan ya fito tiyata sai ya zauna ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa yana kira, wata lambar a kashe, wata ta maƙwabci ce sai an je an nemo mutumin a fadama.

Shi ba baƙo ba ne. Ya san Bahaushe ko da ƙafa ɗaya a kabari, ka ce masa yaya jiki zai ce da sauƙi. Don haka ba ya tsayawa nan, dalla-dalla yake tambaya. Kumburi ya dawo? In ka yi tari kana jin abu na turowa? In ka ɗaga buhu fa? Amsar ba ta sauyawa. "Ko ɗis, Likita." Wani ma ya ƙara da cewa, "Awa ba a taɓa yanka ni ba."

Da ya haɗa komai ya aika wa malaminsa a Sakkwato, Farfesa Hamidu, wanda sai da sa hannunsa kundin zai wuce. Kwana biyu tsakani, da tsakar rana, Farfesa ya kira.

"Mas'udu, na karanta. Hannunka ne ke da albarka haka, ko kuwa wayarka?"

"Ranka ya daɗe, abin da suka faɗa mini na rubuta."

"Ban ce ka ƙara ba. Amma duba nan. Waɗanda ka taɓa da hannunka, ka samu 'yan kaɗan da ta dawo musu, kamar yadda kowannenmu ke samu. Waɗanda ka ji ta waya kuwa, masu raga da masu ɗinki, kaf ɗinsu sun warke sarai. Ni na tsufa a aikin nan, nawa suna dawowa. Ruwa ba ya tsami banza."

Mas'udu ya murza goshi.

"Ka zaɓi gari ɗaya da hanya ke biyuwa," in ji Farfesa, "ka je ka duba su da hannunka. In ka same su yadda suka faɗa, zan sa hannu in yarda da sauran. Ban ɗora maka fiye da haka ba."

Damri ya zaɓa, don nan ya fi mutane, kuma nan Malam Muttaka yake. Malam Muttaka dattijo ne mai sayar da hatsi, shi ne na farko da aka yi wa aiki daga garin, kuma shi ya riƙa tattaro sauran yana kawo su, har asibiti suka sa masa suna wakilin Damri. Mas'udu ya kira shi ya ce zai zo ranar kasuwarsu, a tara masa mutanensa. Dattijon ya ɗan yi jim kafin ya ce, "Maraba, Likita. Gida na."

Bazara ce, rana kamar ta sauko ta zauna a kan mutum. Ya gama zagayen marasa lafiya ya ɗauki tsohuwar motarsa, ya saƙale a bayan motocin 'yan kasuwa, don yanzu ba a bin hanyar nan mutum shi kaɗai. Gonaki sun yi fayau suna jiran ruwa, sai can gefen magudanar ruwa kake hango koren shinkafar rani. A kowane shinge a tsaya, a leƙo, a ga jakar aikin likita a ce ya wuce. Bai yi tunanin komai ba a hanyar, illa ya gama da wannan ya dawo ya kwanta.

An yi masa tarbar da ta ba shi kunya. Zauren Malam Muttaka ya cika da maza cikin manyan riguna, kamar ranar suna. Aka shimfiɗa masa darduma, aka dire ƙwaryar fura da nono mai sanyin randa. Sannan aka shiga gaisuwa, kuma wanda ya san gaisuwar mutanen nan ya san ba a yi mata gaggawa. Ina kwana, ina gajiya, yaya hanya, yaya iyali, yaya mutanen Mafara, yaya na Morai, yaya zafi, yaya haƙuri da mu. Wannan ya kai ƙarshe wancan ya ɗauko daga farko. Sai da fura ta yi rabi kafin ya sami kafar cewa a ba shi ɗaki.

Aka buɗe masa shagon da ke jikin zauren, aka ja buhunan gero gefe aka shimfiɗa tabarma. Malam Muttaka ya tsaya bakin ƙofa yana turo su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya kwanta, tabo ya kwanta lumui, ya yi tari babu abin da ya motsa. Na biyu haka, na uku haka. Mas'udu ya ji wani abu da ya daɗe a ƙulle a ƙirjinsa ya fara kwancewa. Har ya fara ayyana yadda zai kira Farfesa, da ladabi, amma yadda tsohon zai ji a jikinsa.

Sai ya kira na huɗu, Isma'ila. Wani dogon mutum mai saje ya shigo yana sunkuyar da kai, ya gaisa, ya kwanta ya ɗage riga. Mas'udu ya duba dama bai ga komai ba. Ya duba hagu, fata sumul. Fuskokin majinyata sukan ɓace masa, don sun yi yawa kuma yawanci a kwance ya san su, amma ɗinkinsa ba ya ɓace masa.

"Malam Isma'ila, wane gehe niy yi ma aiki?"

Mutumin ya ƙura wa azara ido. "Dama na. Ko hagu. Ai an daɗe, Likita."

"To ina tabon?"

"Ya ɓace. Hannunka na da kyau ƙwarai."

Mas'udu ya zauna a kan buhun gero. Ya dubi mutumin ya daɗe, har shi da kansa ya sauke rigarsa ya tashi zaune.

"Don Allah mi as sunanka?"

"Ɗayyabu," ya ce a hankali. "Ni ab bi mai. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Da suka fito zauren ya yi tsit, kowa ya sami abin kallo a tafin hannunsa. Malam Muttaka ne kaɗai bai sunkuya ba. Ya gyara zama ya nuna wa Mas'udu darduma.

"Likita, zamna ka ji. Kai da bakinka kac ce muna jarrabawa ta. Ka yanke mu, ka ɗunke mu, ba ka ƙyamaci kowa ba. Sannan a bugo waya a ce yaya, mu buɗe baki mu ce aikin ɗanmu ya ɓaci, manyanka su jiya su kada ka? To mun zama waɗanne irin mutane ke nan?"

"Baba, wa yac ce ku yi haka?"

"Babu wanda yac ce. Mu munka zamna munka yi shawara. Munka ce duk wanda Likita yak kira, magana guda ta, lahiya lau. Kuma ba mu bar ta nan ba." Ya ɗaga yatsa, fuskarsa har da haske irin na wanda ya yi aikin lada. "Ranar Talata munka hwaɗa ma na Morai. Na Morai sunka hwaɗa ma na Maradun. Har Gidan Goga saƙon ga ya kai. Babu wanda za ya ba ka kunya."

Fushi ya taso wa Mas'udu har wuya, ya rasa inda zai sauke shi. Da ƙiyayya ce da ya san yadda zai yi da ita. To mutane ne da ba su da abin ba shi, suka duba suka ga abin da ke hannunsu shi ne rufin asiri, suka haɗu kasuwa-kasuwa suka ba shi. Garin neman gira sun tsone masa ido, kuma suna zaune suna jiran ya gode. Duk wayar da ya buga a shekarun nan, duk yinin da ya yi yana jiran a nemo mutum daga fadama, ashe amsa ɗaya yake ta karɓa daga bakuna daban-daban.

"A kai ni wurin Isma'ila," ya ce.

Gidan na bayan masallaci. Ɗayyabu ya shiga ya yi musu iso, mata suka koma bayan zana. Isma'ila na kishingiɗe ƙarƙashin rumfar kara, kamarsu ɗaya da ƙanensa sai dai shi ya zube, wuya ya yi tsawo. Da ya ga Likita ya yunƙura zai tashi, ciwo ya mayar da shi. Ya rufe fuska da hannun riga.

"Sun hwaɗa ma ke nan."

"Jikinka za ya hwaɗa min. Kwanta."

Ashe Isma'ila ya ɗaure marar da tsohon tib na keke, ya cusa tsumma a ninke ƙarƙashi don ya danne abin. Da aka kwance, robar ta ci fata ta bar sawu. Ga tabon nan a dama, ɗinkin Mas'udu ne ba ko tantama, kuma yanzu ya tuna mutumin, raga ƙuri'a ta ba shi. Ƙarƙashin tabon kuwa kumburi ya sauka ya fi na da. Mas'udu ya sa hannu biyu ya lallaba ya tura shi ciki, ya ƙi komawa sai da ƙyar, Isma'ila na cije leɓe gumi na keto masa.

"Tun yaushe?"

"Tun damanar bara." Ya yi maganar yana kallon gefe. "Kac ce in yi wata biyu ban ɗauki nauyi ba. Ban cika wata ba ruwa yas sauka. Gonar nesa ba ta zuwa, ka san masu daji. 'Yar ta bakin gari ita ɗai ta rage muna, in ba a yi huɗa ba mi yara ka ci? Nik kama garma. Aikinka bai ɓaci ba, Likita. Ni niɓ ɓata shi."

Mas'udu ya so ya ce masa ai wannan ita ce tambayar tun farko, ko ragar za ta riƙe mutumin da ruwa ba zai jira shi ya warke ba. Amsar da ya yi shekara uku yana nema ce kwance a gabansa ɗaure da tib na keke. Bai faɗa ba, don bai ga amfanin faɗar ba.

Daga bayan zana muryar mace ta fito, matar Isma'ila ce, Taibatu.

"Likita, a gahwarce ni. Sau biyu tana murɗe shi tun bayan Salla, shi yi ta amai cikinai shi kumbura. Yac ce in nif faɗa ma kowa bai yahe ba. To na hwaɗi. Ka tahi da shi."

Wannan ya sauya komai. Hanjin da ya fara maƙalewa yana saki, wata rana zai maƙale ya ƙi saki, ya shaƙe ya mutu a ciki. In hakan ta faru a lokacin da hanya ba ta biyuwa, kafin a kai mutum Mafara sai dai a juyo da shi. Mas'udu ya faɗa masa haka ba tare da ya sassauta ba, ya ce yau za su tafi tare, gobe ya shiga da shi tiyata.

Isma'ila ya girgiza kai. "In nis shiga asibitinka rubutawa za a yi, manyanka su gani. Ƙarshen wata kac ce, ko? Ci jarrabawarka tukuna. Na yi shekara da ita, wata guda ba ya kashe ni."

"Malam Isma'ila, ba haka abin yake ba. Ba a kada mutum don aiki ya dawo. Gaskiya suka so. Ko duk ragar ta saki, in na rubuta yadda ta saki, na ci."

Ya faɗa sau biyu, ya sake faɗa da wasu kalmomin. Suka saurare shi da ladabi, Isma'ila da Ɗayyabu da Malam Muttaka da ya biyo su ya tsuguna jikin rumbu. Suka yi ɗan murmushin da ake yi wa baƙon da ya ce ya ƙoshi alhali an san bai ci ba. A duniyar da suka sani, babu jarrabawar da ake ci da aikin da ya lalace.

"Kara kaka yi muna, Likita," in ji Malam Muttaka. Ya matso ya rage murya. "Mutum guda na. Rubuta ka gane shi lahiya. Mu duka shaidu na, ko gaban wa. Ranar da kag gama, mu da kanmu muka kawo ma shi."

Kada a yi wa Mas'udu ƙarya, ya so ya karɓa. Ya tsaya a tsakar gidan nan rana na dukan ƙeyarsa, ya ji yadda abin yake da sauƙi. Farfesa ya ce gari ɗaya, ga gari ɗaya, ga mutane sun kwanta ya duba su. Farfesa ya sa hannu, a wuce wurin, shi kuma ya huta. Wata guda ne. Wataƙila hanjin ya yi haƙuri wata guda. Sai dai ya san bayan nan kundin zai ce ragar ba ta taɓa saki ba, wasu likitoci su karanta su yarda, su sa wa wasu manoman da bai sani ba. Kuma ko ya ture wannan gefe, ga mutum kwance da ya rantse ba zai motsa ba muddin akwai jarrabawar da yake karewa. Lallashi ba zai tashe shi ba, an gwada.

Ya zaro waya. Sabis sai ka matsa kusa da katanga, don haka ya matsa, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji.

"Ranka ya daɗe, ina Damri."

"To, me ka samu?"

"Duk abin da na tara ta waya ba shi da amfani, na nan da na sauran garuruwan. Ba zan miƙa kundin ba. A cire sunana bana."



"Ka san abin da kake faɗa? Sai ka sake bin su ɗaya bayan ɗaya da hannunka, da hanyoyin nan yadda suke. Ba aikin shekara ɗaya ba ne."

"Na sani."

"To. Allah ya sa haka ya fi alheri, Mas'udu."

Ya kashe wayar ya sa a aljihu. Babu wanda ya yi motsi, har kajin da ke tono gindin rumbu ana jin su. Isma'ila ya juya fuskarsa ga zana, kafaɗunsa suka fara rawa.

"Mun kada shi, Muttaka," ya ce. "Mun kada ɗan mutane."

Mas'udu ya san ya kamata ya ce a'a, ya ce ba laifinsu ba ne, shi ne ya zaɓi gajeriyar hanya tun ranar da ya zaunar da su. Zai faɗa wata rana. Yau ba shi da ƙarfin lallashin kowa. Ya tsuguna ya naɗe tib ɗin ya ajiye gefe.

"Yanzu babu abin da kaka tsarewa," ya ce. "Tashi mu tahi tun motocin kasuwa ba su watse ba."

Wannan karon Isma'ila bai yi musu ba. Taibatu ta miƙo ƙullin kaya ta saman zana, Ɗayyabu ya tallafe wansa suka fito a hankali. Kafin su kai ƙofar zauren magana ta riga su, kamar yadda magana ke yi a ƙauye. Mazan nan na manyan riguna suna tsaye cirko-cirko, babu mai iya duban Likita. Aka kwantar da Isma'ila a kujerar baya aka tokare shi da ƙullin.

Mas'udu na zagayawa zai shiga sai ya ga wasu mutum biyu sun ɓullo ta lungun masallaci. Ɗazu da ya kira sunayensu an ce masa sun tafi kai awaki kasuwa. Suna tafe a hankali, ƙafa a ware, kowanne hannu ɗaya cikin riga. Ba sai an yi masa bayani ba. Suka tsaya nesa kaɗan suka gaishe shi, gaisuwa gajera wadda bai taɓa jin irinta a garin nan ba. Ya ce su matsa su zauna gefen Isma'ila.

Malam Muttaka na tsaye jikin motar, ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Duk hasken nan na ɗazu ya bar fuskarsa, tsufansa ya fito. Sai a lokacin Mas'udu ya lura cewa duk yinin nan dattijon na bakin ƙofa yana turo mutane, shi bai kwanta a tabarmar ba.

"Likita," ya ce, murya ƙasa-ƙasa don kada na baya su ji. "In da wuri gaba. Ni ma tun kaka."

Shi ɗinki aka yi masa, Mas'udu bai manta ba, don shi ne na farko. Isma'ila raga, Muttaka ɗinki. Shekara uku ke nan, kuma in aka tsare shi yau aka ce wanne ya fi, bai sani ba.

Ya buɗe ƙofar gaba, ya ɗauke jakar aikinsa daga kan kujerar, ya riƙe wa dattijon hannu har ya zauna.